Rubutun da Aka Ƙi Takawa

'Yar ƙanena ce ta tayar min da wannan tsohon ciwo. Ta zo hutu, ta ga tarin rubuce-rubucena a cikin kwali, ta ce za ta buɗe min shafi a intanet in riƙa zubawa. Ta nuna min wurare a wayarta. Wani kyauta ne, amma masu shi za su liƙa talla a gefen maganata. Wani sai na biya, amma gidan nawa ne ni kaɗai. Wani kuma can jama'a suke, sai dai hayaniya ta fi karatu yawa. Ta ce in zaɓa, na ce ta ba ni lokaci. Hutunta ya ƙare ban zaɓa ba, ta tafi tana cewa ba ta taɓa ganin mutum mai wuyar sha'ani irina ba. Ba ta san ba yau na fara ba. Na taɓa yin irin wannan zaɓen tun ba a haife ta ba, kuma saura kaɗan ya fitar da ni daga Kontagora.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin da sabulu da madarar gwangwani suka zama sai mai hanya. Ina koyarwa a firamare, ina zaune a sashenmu cikin gidan Baba, da matata da goyonta. Ciwon rubutu ya kama ni tun muna kwalejin horon malamai. Ba wani babban abu nake rubutawa ba, abubuwan gari ne: layin famfo, kwalbatin unguwarmu da ke toshewa duk damina, masu awo da ke buga gindin mudu ya shige ciki su cuci manoman da suka taho da dawa tun daga Dukku. In na rubuta sai in karanta wa matata, ta yi dariya ko ta yi hamma, in cusa a ƙarƙashin katifa. Abin ya ishe ni. Ina so wani wanda ba shi da dalilin jin tausayina ya karanta, ko da zagina zai yi.

Wani abokina da muka yi kwaleji tare ya samu aiki a wata maɗaba'a a Kaduna. Duk direban da ya taso daga can sai ya kawo min saƙonsa na baka, wai akwai ɗaki kusa da nasa, in taho, mai rubutu ba ya zama a garin da ba a karatu. Ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Matata kuwa ko sunan Kaduna ba ta son ji. Gidan iyayenta lungu biyu ne tsakaninmu, in ta ɗora tukunya ta rasa daddawa sai ta yafa mayafi ta je ta ɗebo. Ta ce min, “Malam, ka gwada mutanen garinka tukuna.” Muka yi yarjejeniya: in aka gama girbi ba wanda ya tare ni a hanya da maganar rubutuna, za mu ɗaure kaya.

Akwai kuma Baba, wanda ban sa shi a cikin yarjejeniyar ba don ban san yadda zan sa shi ba. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. In yana nemana sai ya ce a kira masa “wancan”, in muna zaune kuma ya yi magana yana kallon bango. Malami ne, ɗan malamai, bai san boko ba bai kuma nemi ya sani ba. Yana da wata ɗabi'a da kowa a unguwar ya san shi da ita. Ba ya wuce takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, komai saurinsa. Zai sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe, ya ninke, ya soka ta a tsagar bango sama inda ƙafa ba ta kaiwa.

To, ina zan sa rubutun? Bango na fara tunani. Akwai wani shagon magani kusa da tasha, bangonsa shi ne jaridar garin. Sanarwar rasuwa, cigiyar akuya, hoton fim ɗin da za a nuna, duk a nan ake mannawa, kuma duk mai jiran motar Rijau ko ta Minna sai ya tsaya a gabansa. Na sami mai shagon, ya ce ba matsala, amma sai ya fara karanta duk abin da zan liƙa, in akwai abin da zai taɓa wani babba ya soke. Na dube shi, na fita. Ina tsaye ina kallon bangon sai ga wani ya zo da gwangwanin sitati, ya shafa a kan sanarwar rasuwar wani bawan Allah, ya manna tallar maganin basir. Na hau kekena na bar wurin.

Sai kaset. Wannan ya daɗe yana juya min kai, domin shi kaɗai zai kai ga waɗanda ba su yi boko ba: matan Kambari masu kawo itace, Dukawa masu zuwa cin kasuwa, Fulanin da ke tsaye da sandunansu a bakin shagon mai kaset suna saurare. Direbobi za su sa a mota, maganata ta je Rijau ta dawo ina kwance a ɗaki. Mai kaset ya ce mu gwada. Ya ba ni makirfo na karanta labarin mudu, ina gamawa ya mayar da shi baya ya sake shi ta babbar sifikarsa da ke fuskantar titi. Wallahi ban san haka muryata take ba, kamar akuya mai mura. Masu jiran mota suka waiwayo suna neman wanda ake yankawa. Ya ce ba komai, za a gyara, sai a riƙa sa kiɗa bayan kowane ɗan jawabi don kada mutane su yi barci, kuma in sani duk wanda ya saya zai iya goge ni ya ɗauki waƙa a kai. Na ce zan dawo, ban koma ba.

Jarida kuwa na riga na ɗanɗana ta. Na sha aikawa Kaduna ta gidan waya, shiru. Guda ɗaya da suka buga, sun yanke rabinsa sun canza masa kai, har ni da na haife shi sai da na karanta sau biyu kafin na gane shi.

Damina ta kama ni a haka. In na tashi daga makaranta ba na iya zama. In tafi tasha in kalli bango, in wuce ta shagon kaset, in tsaya a gidan waya ba tare da ina da abin aikawa ba, in dawo gida in ce na yanke shawara, kafin a sauke tuwo na warware. Yau in ce bango, gobe in ce ai kaset ne hanyar talaka, jibi in ce duk shirme ne, Kaduna kawai. Matata ta ce na zama kaza mai neman wurin saka ƙwai, duk gidan na zagaye, har yanzu ban zauna ba. Na yi fushi na ƙi cin abinci, na kuma tashi na ci da ya huce.

A ƙarshe wani Banufe ya raba gardamar. Yana da ɗan shago bayan gidan waya, da tafireta da injin gurza takarda, shi ke buga mana tambayoyin jarrabawa. Ana buga rubutun ne a kan sitansil, wata lallausar takarda da haruffa ke hudawa, a ɗaura ta a jikin injin, a shafa tawada, a riƙa juya hannu takardu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ba mai soke min kalma, ba mai manna talla a kaina, ba mai jin muryata. Wahalar dai ita ce takarda da tawada daga aljihuna, rabawa kuma da ƙafata. Na ce na ji na gani.

A gidanmu ba a fara abu ba a gaya wa Baba ba. Da aka gama buga sitansil na farko na kai masa zaure bayan la'asar. Ya ɗaga shi sama yana kallon hasken da ke ratsa hudojin. Ya tambayi abin da ke ciki, na gaya masa a taƙaice ina kallon tabarma. Ya ce rubutun ba shi da kai, abin da ba a fara da sunan Allah ba kuwa ba ya albarka. Na koma wurin Banufen na aro alƙalamin ƙarfe da ake zane da shi a kan sitansil. Baba ya ɗora takardar a kan allo, ya rubuta Bisimilla da salatin Annabi a sama da hannunsa mai kyan nan, a hankali don kada ta yage. Da ya gama sai ya sa yatsa a can ƙasa.

“Wannan ɗan guntun da ya ware shi kaɗai fa?”

“Sunana ne, Baba.”

Ya ƙura wa wurin ido, sannan ya miƙo min. Na fita ina jin daɗi har cikin ƙashina. Bai taɓa sa hannu a wani abu nawa na boko ba sai ranar.

Na zaɓi Juma'a don rabawa, a bakin masallaci bayan an sallame, tun da nan ne garin ke haɗuwa. Sauran in kai tasha in ba direbobin Auna da Rijau. Abin ya ba ni mamaki. Mutane na karɓa da hannu biyu, suna cewa Allah ya saka da alheri, a gai da Malam, wato Baba. Wasu har su dawo su ce a ƙara musu ɗaya ta maƙwabci. Na bi hanya ina duba ƙasa, ko guda ban ga an yar ba. Na zo gida ina hura hanci, na ce wa matata ta ga mutanen da ake cewa ba sa karatu, adanawa suke yi kamar takardar gona. Kowane mako Baba ya zauna ya rubuta kan, ni kuma in juya inji.

Sai dai ba wanda ya ce min uffan. Na rubuta maganar mudu, na bi ta layin masu awo da gangan, suka gaishe ni da fara'a har da tayin goro. Na tambayi wani malami abokin aikina ko ya ga ta wannan makon, ya ce ai ya adana ta wuri mai kyau. Na ƙara wa rubutun yaji, na taɓa masu unguwa, na taɓa direbobi masu loda mutane a kan buhuna kamar ba rai ne da su ba. Shiru. Barcina ya ragu, na fara yi wa 'yan ajina tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Dawa ta fara ja a gonaki, matata kuma ta daina tsokanata, wanda ya fi tsokanar ciwo.

Ranar wata kasuwar Auna na ce bari in kai takardun da kaina in ga yadda ake yi da su a can. Na samu gaban wata a-kori-kura. Muna fita gari na ɗaga kai, sai ga takardata a ninke, an soke ta a saman gilashi, rubutun Baba yana leƙowa. Direban ya ga ina kallo, ya washe baki. Ya ce ai ni na ba shi, kuma tun da ya sa addu'ar nan ta Malam a motar ko faci bai yi ba. Na zaro ta na buɗe. Ita ce wadda na zagi direbobi a ciki. Ko buɗe ninkin bai taɓa yi ba. Na mayar masa da ita inda take, ya ce in taimaka masa da wata ya sa a ɗakin matarsa.

A Auna na gan su a soke cikin rufin rumfar mai shayi. Da na dawo gida idona ya buɗe, sai na riƙa ganinsu ko'ina: a tsagar bangon masallacin unguwa, a saman ƙofar shagon tela, a bayan madubin mai aski. An ga rubutun Malam a sama, an karɓa a bakin masallaci ranar Juma'a, me ya rage? An girmama ta, an ɗaga ta sama, an wuce. Matata ta ce ita ma ta taɓa ba maƙwabciyarmu mai ƙosai ragowar da suka lalace a inji, matar ta dawo da su a guje tana cewa wa zai zuba mai a kan sunan Allah.

Washegari da safe ina tsaye a wurin mai ƙosan, ta ƙunsa min a wata tsohuwar takardar jarrabawa. Na tsinci kaina ina ci ina karanta tambayoyin, kamar yadda na saba tun ina yaro. Na duba gefe, wani leburan tasha yana haɗa baƙi a guntun jaridar da aka zuba masa nasa, yana motsa leɓe. Rabin abin da na taɓa karantawa a garin nan a jikin ƙunshin ƙosai da tsire na karanta shi. Nan ne mutane ke karatu, ni kuma na yi wa takardata abin da ba za ta taɓa zuwa nan ba.

Na sami Baba a zaure. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na fito da ita, cewa ina so in riƙa fitar da takardar ba tare da kan ba, domin mutane na ganin hannunsa sai su ɗauka addu'a ce su ƙi buɗewa. Ya tambaya, in an cire, ina za ta ƙare. Na ce a hannun masu ƙosai, daga nan a ƙasa. Ya ce wato so nake a taka. Zuciya ta ɗebe ni, na ce gara a taka an karanta da a rataye ba a buɗe ba, in kuma ba haka ba ni Kaduna zan tafi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya juya ga littafinsa.

“Takardarka ce,” ya ce.

Na fitar da ita ba kai. Na yi Bisimilla da bakina lokacin da na kama hannun injin, na kuma daina zuwa bakin masallaci. Na raba wa masu ƙosai, da masu tsire, da masu ƙulla gyaɗa, kyauta. Ba a yi nisa ba wani mai awo ya tare min keke a tsakiyar kasuwa da takardata a hannu, duk ta yi mai, yana tambaya uban wa ya ce min yana buga gindin mudu. Saura kaɗan in rungume shi. A tasha aka ce direbobi na nemana. Abokin aikina da ke adanawa ya same ni ya ce na yi kuskure a maganar kwalbati, ba nan ruwan ke taruwa ba. Na ci yarjejeniyar da muka yi da matata, ko in ce ita ta ci.

Amma ban ji daɗin da na zata ba. Baba ya daina aikowa a kira masa wancan. In na gaishe shi ya amsa da kalma ɗaya. Zai karɓi jikarsa ya yi mata wasa, ya tambayi matata gajiya, ni kuwa kamar iska ce ta wuce. Ranar da ya saba rubuta min kai sai in ga ya shimfiɗa buzu ya ɗauki carbi tun kafin lokaci. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na rasa wanda ya fi. Zama a gida ɗaya da shi a haka ya fi ƙarfina. Na ce wa matata mu tafi kawai in an rufe makaranta. Ta ce ai ba haka muka yi ba. Na ce na sani. Ta fara naɗe kwanukanta na tangaran da ragowar takarduna tana jerawa a kwali, idonta jawur.

Da safen da zan je tasha in ba direban Kaduna saƙon ranar zuwanmu, na bi ta lungun mai ƙosai. Daga nesa na hango Baba yana dawowa daga wata gaisuwa, da sandarsa. Gwiwoyinsa sun daɗe suna damunsa, ko sallah a zaune yake yin rabinta. Sai na ga ya tsaya a bakin kwata, ya dogara da sandar, ya sunkuya da kyar ya ɗauki wani abu. Na sauka daga keke na matso. Takardata ce, ta sha mai, ga shatin takalmi a tsakiyarta. Ya shafe ta da hannun rigarsa ya fara ninkewa.

“Baba, babu sunan Allah a jikinta. Na cire.”

Bai dube ni ba. Ya ɗora babban yatsansa a kan ɗan guntun nan na ƙasa.

“Na sani,” ya ce. “Akwai naka.”

Ya miƙa hannu iya tsawonsa ya soka ta a tsagar bango, ya ɗauki sandarsa ya wuce. Na ɗaga kai. Ba ita kaɗai ba ce a wurin, akwai wasu a cushe, duk sun yi baƙi da mai.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye riƙe da keken ba. Ban je tasha ba. Na koma gida na tarar da matata tana ɗaure kwali, na ce ta kwance. Ta tambayi abin da ya faru, na ce ta kwance kawai. Ta fara zare kwanukan tana zubar da takardun a tsakar ɗaki, ni kuma na durƙusa ina tsince su.